Yadda Na Zama Zakaran Tseren Mota A Dalijan

Ni mutum ne mai hankali. Kowa a Dalijan zai ba ka wannan shaida, in dai ka yi masa tambayar kafin shekarar 2020. Ina koyarwa a makarantar gwamnati, ina da iyali, ina da 'yar gonar gero da dawa, ba na zaman karta, ba na bin 'yan siyasa. Har sasanta ma'aurata ake kira na. Abu ɗaya ne dai na daɗe ina ɓoyewa a raina: na yi imani cewa a duk ƙasar Gwandu, daga Kambaza zuwa Malisa, babu wanda ya kai ni iya tuƙi. Hujjata kuwa ƙwaƙƙwara ce, domin duk motar hayar da na shiga sai na gano kuskuren direba. Wannan bai iya shan kwana ba, wancan yana wahalar da kuloci, wani kuma tsoro ya yi masa yawa. Abin da ya hana duniya sanin baiwata shi ne ban taɓa mallakar mota ba. Lasisi dai ina da shi, yana cikin jakar takardu tare da shaidar haihuwar yara.

A watan Maris na 2020 aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu bayan kusan shekara goma ba a yi ba. Biki ne da ya samo asali tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ke taƙama da su. Mutane sun je kallon masunta suna faɗawa Matan Fada da homa da gora. Ni ma abin da ya kai ni ke nan, amma sai idona ya faɗa kan wani abu daban. A cikin shagulgulan har da gangamin tseren motoci, waɗanda aka haɗa su a nan Najeriya, suka taso tun daga Abuja. Na ga motocin sun sha ƙura, jikinsu duk rubuce-rubuce, direbobin suna fitowa suna miƙa, jama'a na tafi. Wani a gefena ya ce hukumar da Jelani Aliyu ke shugabanta a lokacin ce ke da hannu a shirin. Jelani kuwa ai namu ne: Basakkwace, ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya wuce Detroit a Amurka, inda ya zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors. Nan take na yi lissafi. Ya sha ruwan Birnin Kebbi, ni ma na sha. Ya ci tuwon shinkafar Kabi, ni ma na ci, watakila ma na fi shi ci. To mene ne bambancin? Na koma gida ban iya gaya wa kowa girman kifin da ya zo na ɗaya ba.

Daga nan kuɗin data ya fara tashi. Dare ya yi, iyali sun yi barci, ni ina kwance da waya a kan ƙirji ina kallon motoci suna tsalle a kan tudun rairayi. A haka na san cewa tseren Faris zuwa Dakar ya fara ne a ƙarshen Disamba 1978, kuma shekaru da dama yana ratsawa ta Nijar, ta Agadas da hamadar Tenere, wato bayan gidanmu in an yi wa taswira kallon arziki. An soke shi a 2008 saboda matsalar tsaro, aka kai shi Kudancin Amurka, daga 2020 kuma ya koma Saudiyya. Na san wanda ya ƙirƙiro shi, Thierry Sabine, ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a 1986, amma wannan ɓangaren na wuce shi da sauri. Abin da ya tsaya mini shi ne: Turawa suna kashe miliyoyi su zo neman rairayi, mu kuwa rairayi har cikin tuwo muke samun sa.

Sai kuma na ci karo da labarin da ya ƙarasa ni. A tseren Safari na Kenya, wanda aka fara a 1953 kuma ake ganin yana cikin mafi wuya a duniya, motar da ta zo ta ɗaya a 1975 Peugeot 504 ce, wani ɗan Suwidin mai suna Ove Andersson ke tuƙa ta. A 1978 ma wata 504 ɗin ce ta ci. Na tashi zaune. Ai irin wannan motar ce aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, wadda ta yi shekaru tana jigilar gwamnoni da kwamishinoni da buhunan albasar Aliero. Kuma akwai ɗaya a bayan gidan kawuna, ƙarƙashin dogon yaro, ta daɗe da yin ritaya.

Na shirya da safe, na sayi goro, na je gaisuwa. Bayan mun gama tambayar gida da gona da ciwon ƙafa, na kawo maganar a hankali. Kawu ya dube ni tsawon lokaci.

"Wagga Fijo? Mi za ka yi da ita?"

Na ce, "Kawu, gyarawa zan yi, in riƙa ɗan zagayawa."

"To kajin fa? Ina za su yi ƙwai?"

Wallahi ban san da kaji ba. Da muka buɗe ƙofa sai ga su, uwa da 'ya'ya, sun mayar da kujerar baya gidan gado. Ciniki ya kasance kamar haka: mota kyauta ce, tunda ɗa ba ya sayen abu a hannun kawunsa, amma zan gina wa kaji akurki. Na fita ina murna na samu motar tsere a kan kuɗin akurki. Duk wanda zai shiga wannan harka da ƙaramin ƙarfi, bari in gaya masa abin da babu wanda ya gaya mini: motar ita ce abu mafi arha a cikin lamarin.

Aka ja ta zuwa Birnin Kebbi wurin wani bakanike, dattijo, wanda ya yi zamani da Fijo tun tana amarya. Ya buɗe bonet, ya yi salati, ya rufe. Da na bayyana masa manufata bai yi dariya ba, kuma wannan ya sa na ƙara ganin girmansa, sai daga baya na gane yaransa ne ya tura bayan gareji su yi masa. Ya ce, "Malam, in da gaske kake, ga yadda ake yi. Inji ba shi ne farko ba. Farko birki, domin duk motar da ba ta tsayawa ba ta da amfanin gudu. Sai taya, sai shakazoba, sai lagireto, don wannan naka ya ruɓe. Sannan a sa faranti na ƙarfe a ƙarƙashin inji saboda dutse. Abin da ya saura ka zuba mai ka koyi tuƙi." Ya ƙara da bayanin abin da ya sa 504 ta yi suna a hanyar ƙasa: tayoyin baya ne ke tura ta, cikinta ya ɗaga daga ƙasa, ƙafafunta suna da dogon numfashi a kan gargada, injinta kuma silinda huɗu ne marar rikici wanda ko a ƙauye za a iya kwance shi a ɗaura.

Na saurare shi da ladabi. Maganarsa ta ƙarshe ce kawai ta ɓata mini rai, wai in koyi tuƙi. Ni?

Kuɗin da ke hannuna kwasar adashi ce, sai abin da na samu da na sayar da tumakin da uwargida ke ganin nata ne, ni kuma nake ganin na gida ne. Kafin in gama tara su ma sai ga watan Mayu na 2023, aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ma ta yi gaba abinta. Dole a yi tsimi. Na zauna da biro da takarda na raba kuɗin bisa hikima. Birki: a gyara na gaba, na baya ya jira. Taya: 'yan gwanjo, kowace da sunan kamfaninta. Shakazoba: ai tana da su. Lagireto: wani direba ya ce in an fasa ɗanyen ƙwai a ciki yana toshe yoyo, ƙwai kuwa yanzu muna da dangantaka da masu shi. Abin da ya rage, wanda shi ne kaso mafi tsoka, na kai wa mai fenti. Ja da fari, da layi biyu tun daga bonet har but, da ƙatuwar lamba a kowace ƙofa. Na sa aka yanke salansa don ta riƙa ruri. Na sa aka rubuta sunayen kamfanonin mai da na taya a jiki, waɗanda babu ɗayansu da ya san ina duniya. Da bakaniken ya ga motar ta dawo daga fenti, ya zagaya ta, ya taɓa lagireton da yatsa, ya ce, "Allah ya sa alheri." Na amsa da amin, ina jin daɗin ya yaba.

A bidiyo na ga cewa masu tsere suna rage wa mota nauyi. Wannan ya yi mini, domin shi kaɗai ne gyaran da ba ya cin kuɗi. Na cire kujerar baya, na cire ta gefen direba na mayar da wata ƙarama, na ɓanɓare kafet, na kwance rediyo, na cire murfin akwatin gaba. Ina cikin tara kayan a tsakar gida uwargida ta fito da tsintsiya, ta tsaya.

"Malam, wannan fa?"

Na yi mata bayani a kimiyyance, cewa kowane kilo da aka cire gudu ne aka ƙara.

Ta dubi tulin kayan, ta dubi cikina, wanda shekarun tuwo da fura suka yi wa hidima. Ta ce, "To ai ba ka cire babban ba." Ta ci gaba da shara. Na yi niyyar ba ta amsa, amma mace ba ta san harkar injiniya ba, sai na ƙyale ta.

Dokar tsere a ko'ina ta ce sai an ɗaura wa mota kejin ƙarfe a ciki, don in ta kife kada rufi ya danne mutum, kuma akwai irin bututun da ake amfani da shi da yadda ake auna shi. Ni na kai wa mai walda da ke yin ƙofofi da gadaje hoton a waya. Ya ce ya gane. Gaskiya ya yi aiki mai ƙarfi, har ya ƙara 'yar ƙawa a kusurwa irin ta ƙyauren gidan Alhazai. Matsala ɗaya ce: ƙarfe guda ya gitta ta bakin ƙofar direba, ƙofar ta daina buɗewa. Na fara fushi, sai na tuna a Amurka akwai masu tseren da ta taga suke shiga mota. Na ce a bar shi haka, ya ma fi kama da na gaske. Shiga ta taga kuwa, in ka kai shekaruna da faɗina, aiki ne na mutum biyu: kai da mai turawa. Hular kwano na saya a wurin wani ɗan acaba da ya ce bai taɓa sa ta ba. Ta ɗan matse ni, amma ya ce haka ake so. Na'urar kashe gobara ta yi tsada, na sa bokitin yashi a but, wanda ya mayar da duk nauyin da na cire.

Saura mataimaki. A irin wannan tsere ba a jerawa a tashi tare; kowace mota ita kaɗai take tafiya, agogo ne alƙali. Kusa da direba akwai mai karanta hanya, riƙe da littafi, yana faɗa masa abin da ke gaba kafin ido ya gani: kwana ta dama mai tsanani, rami, tudu, a rage, a taka. Andersson ma da nasa, Arne Hertz. Ni na ɗauki ɗan yayata, yaro mai natsuwa da ya gama sakandare yana jiran sakamako. Muka bi hanyar da ƙafa, wani burtali da ya fita bayan gari ya ratsa gonaki ya tsallaka busasshen rafi ya zagayo, yana rubutawa a littafin makaranta. Ban duba abin da ya rubuta ba. Shugaba nagari yana amincewa da na ƙasa da shi.

A nan zan yabi kaina, domin ba wanda zai yi mini. Ban yarda a yi a kan kwalta ba. Wasan mota da samari ke yi a biki, su cika titi suna juyi da ƙarar taya a tsakiyar mutane, ba tsere ba ne, ganganci ne, kuma garuruwa da yawa a Arewa sun yi jana'iza saboda shi. Na jira aka gama girbi, aka kwashe amfanin gona. Na je na gaida masu gari na nemi izini, aka ba ni, ina jin don ba su fahimci abin da nake nufi ba. Na sa yara su tsaya a mararraba su tare awaki. Abokin aikina malamin lissafi ya karɓi aikin riƙe agogo. Abokin karawa kuma na samu wani direban haya mai tsohuwar Golf da ke jigila tsakanin Gwandu da Birnin Kebbi. Ya ce zai yi, da sharaɗin in biya shi kuɗin kujerun da zai rasa, kuma a gama da wuri don yana da lodi.

Ranar ta zo da hazo da sanyin hunturu. Da sassafe na kai motar wurin mai faci na ce ya ba tayoyin iska sosai, su yi tauri, don taya mai tauri ta fi gudu. Direban Golf na gefe yana shan shayi. Na ga ya tsuguna yana sace wa nasa tayoyin iska da tsinke. Na tausaya masa. Na ce a raina, jahilci ba kyau, ga mutum yana lalata wa kansa dama tun ba a fara ba. Sai bayan kwana biyu bakanike ya bayyana mini cewa a rairayi ana rage iska ne don taya ta baje ta hau kan yashi, mai tauri kuwa haƙa take yi.

Jama'a sun taru fiye da yadda na zata. Ɗalibaina sun zo, alhali ban gayyace su ba. Kawu ya zo da kujerarsa. Masu tallan gyaɗa da rake suka kafa kasuwa. Aka ce baƙo ya fara. Direban Golf ya ajiye kofin shayi, ya shiga da silifas, ya kunna rediyo, ya tafi ba hayaniya. Kafin in gama ɗaura hular kwano sai ga shi ya zagayo ta ɗaya gefen, hannu ɗaya a waje. Ya karɓi kuɗinsa, ya yi mini fatan alheri, ya wuce tasha. Malamin lissafi ya rubuta lokacinsa. Na leƙa, na yi murmushi. Mutumin ko ƙura bai tayar ba.

Aka tura ni ta taga. Rigar ta kama a ƙawar mai walda ta yage daga hammata zuwa ƙugu, amma ruri da injin ya yi da na murɗa makulli ya rufe dariyar. Kai, wannan ruri! Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Jakuna suka amsa daga nesa. Malamin lissafi ya ɗaga hula, ya sauke, na saki kuloci gaba ɗaya, motar ta yi tsalle ta mutu. Aka yi shiru. Wani yaro daga baya ya ce, "Malam, a tura?" Na sake tayarwa, na tafi, na bar su cikin ƙura da hayaƙi, kuma in gaya maka gaskiya, abin da ya biyo baya na ɗan lokaci shi ne mafi daɗin abin da na taɓa ji a rayuwata. Karan dawa na wucewa ta gefe, sitiyari na rawa a hannuna, bayan motar na ɗan zamewa a kwana yana dawowa. Na ji Agadas tana kira na. Na fara tsara abin da zan faɗa wa 'yan jarida, cewa nasarar ba tawa ba ce ni kaɗai, ta ƙasar Gwandu ce baki ɗaya. Na daka wa yaron tsawa, "Karanta!"

Ya buɗe littafi, murya na rawa. "Kawu, in mun kai wurin jaki, dama."

"Wane jaki?"

"Wanda ke ɗaure ranar nan."

Babu jaki. Jaki ya tafi harkarsa. Na ce ya wuce na gaba. Ya ce, "In mun kai tarin kara, a rage." An kwashe karan, mai shi ya yi danni da shi. Na gaba kuma, "wurin da muka gamu da mai fura." Duk littafin haka yake, tarihin tafiyarmu ne ya rubuta, har da inda na tsaya na huta. Kafin mu gama wannan muhawara yaron ya rufe baki da hannu, domin karatu a cikin mota mai tsalle yana tayar da zuciya, kuma kunun safe ya fara neman hanya. Na juya in ce masa ya leƙa ta taga, na juyo, sai ga rafi.

Masu abin sun ce rairayi ana shigarsa da giya ta biyu, a riƙe totur daidai, kada a tsaya, kada a yi gardama da shi. Ni na shiga da giya ta huɗu, na tsorata, na taka birki, na gaba ya kama, na baya da aka ce ya jira ya ci gaba da jira. Hancin motar ya nutse. Na sa giya ta ɗaya na taka totur har ƙasa. Tayoyin nan masu tauri suka shiga aikin haƙa da himma, yashi na tashi sama yana zubo mana ta taga, motar na sauka a hankali har cikinta ya zauna daram. Na sa ribas, ta ƙara zama. Mai hankali a nan zai kashe inji. Ni na tuna jama'a na jin rurin daga gari, kuma muddin suna jin sa za su ɗauka ina cikin tsere, don haka na ci gaba da taka totur saboda mutunci. Allurar zafi ba ta aiki tun zamanin mulkin soja, ba ta gaya mini komai ba. Hancina ne ya fara ba ni labari: warin dafaffen ƙwai. Sai wata ƙara, sai farin tururi ya turnuƙe bonet, injin ya yi tari ya yi shiru.

Yaron ya buɗe ƙofarsa, tunda tasa tana buɗewa, ya fita da gudu yana salati. Ni na nufi taga. Shiga da mai turawa ne, fita kuwa ba a tanadi mai ja ba. Kai da kafaɗa suka fita, ciki ya ce shi ba inda za shi. Na koma ciki ba hali, na fita ba hali. Hular kwano ta juya ta rufe mini ido ɗaya, igiyarta ta shaƙe ni, ga zufa, ga yashi a baki. Me ya hana ni bin ƙofar da yaron ya bari a buɗe? Wannan tambaya mutane da yawa sun yi mini ita, har da ɗalibai 'yan aji ɗaya. Ina nan rataye kamar kayan shanya sai na ji ƙarar ƙafafu da kukan gatari. Amalanke ce ta shanu, ɗauke da takin gida za a kai gona, wani dattijo na zaune a kai. Ya ratsa rafin ta gefena ba tare da ko tangarɗa ba, ya tsaya, ya yi sallama. Na amsa a rataye.

"Sannu Malam. Mi ya hwaru?"

Na ce, "Baba, tsere muke yi."

Ya duba gaba, ya duba baya. "Kai da wa?"

Shi da yaron suka kama ni, ɗaya hannu ɗaya wuya, suka fizgo ni na faɗo kan yashi, sauran rigar ta zauna a mota. Hular ta ƙi fita. Kunnuwana sun kumbura sun riƙe ta. Dattijon ya ce ba zai iya sauke takinsa ba sai ya kai gona, mu jira. Muka jira. Ya dawo, aka tone tayoyi da hannu, aka shimfiɗa kara, aka ɗaura igiya a bijimai biyu. Ya yi musu magana ɗaya, suka sunkuyar da kai, motar da ta ci Safari ta fito salin alin.

Dole wani ya riƙe sitiyari, don haka aka sake tura ni ciki, wannan karon ta ƙofar yaron, bisa shawarar dattijon. Na roƙe shi ya bi ta bayan gari. Ya ce shanunsa hanya ɗaya suka sani. Hanyar kuwa ita ce ta wurin da aka tashi, inda babu wanda ya tafi gida, sai ma ƙaruwa da aka yi, domin labari ya kai kasuwa. Haka muka shigo: bijimai a gaba, igiya, sai ni a cikin ja da fari da lamba a ƙofa, da singileti da hular kwano, ina riƙe da sitiyari da hannu biyu. Saboda sabo har na ba da hannu zan sha kwana. Yara suka biyo mu da tafi. Kawu ya miƙe daga kujerarsa ya leƙa ciki, ya tambayi inda kujerar baya take. Da ƙafafun shanun suka taka layin da aka ja da toka, malamin lissafi, wanda amana ta hana shi kashe agogo duk tsawon wannan lokaci, ya danna shi, ya karanta sakamakon da ƙarfi har da daƙiƙa. Ya kuma ƙara, ba wanda ya tambaye shi, cewa bisa lissafi da na tafi da ƙafa da na riga kaina isowa. Aka yi gardama ko nasarar ta biyu tawa ce ko ta mai shanu. Masu rinjaye suka ba shanu.

Hular sai a gida aka cire ta, da man gyaɗa. Uwargida ce ta yi aikin, ba ta ce komai ba, wanda ya fi duk abin da za ta iya cewa ciwo. Da ta gama ta tambaya, cikin ladabi, ko a cikin kamfanonin da aka rubuta a jikin motar akwai wanda zai biya tumaki.

Bakanike ya zo ya duba. Gaskit ya ƙone, kan silinda ya lanƙwashe, kuloci ya tafi, lagireto kuwa ya ce a ba yara su sayar wa 'yan gwangwan. Ya lissafa kuɗin gyara, suka ninka abin da zan kashe da na bi maganarsa tun farko. Bai tuna mini ba, sai dai ya tsaya yana shafa fentin yana cewa mai fentin ya iya aiki. Yanzu a Dalijan ba mai kira na da sunana. Ɗalibai na ce mini Malam Dakar, a bayan ido da farko, yanzu har a gaban hedimasta. In na shiga motar haya na ga direba ya yi kuskure na buɗe baki, sai wani ya ce, "A bari zakara ya yi magana," sai in rufe. Motar tana bayan gidan Kawu a ƙarƙashin dogon yaro, kajin sun bar akurkin da na gina sun koma cikinta, ƙarfen mai walda ya zame musu wurin kwana.

Sai dai na yi nazarin abin da idon basira, na ga kafin rafin nan babu wanda zai ce ban yi tuƙi ba, kuma direban Golf sa'a ce kawai da sanin hanya. Bakanike ya ce an samu kan silinda na hannu a Sakkwato, da lagireto mai kyau. Na shiga sabon adashi, kwasata tana zuwa bayan girbi. Mai karatu, in kana da ɗan'uwa siriri wanda ya san dama da hagu kuma mota ba ta tayar masa da zuciya, ka turo mini shi. In kuma ka haɗu da uwargida a biki ko suna, kuɗin na gyaran rufin ɗaki ne.